Labarin Buhu Biyu: Mai Shigo Mana Da Mai Fita Daga Hannunmu

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan bazara ta yi, aka fara sharar gona, tambaya ɗaya ce a bakin kowa a tarurrukan ƙungiyoyinmu: "Nawa buhun taki bana?" Idan kuma kaka ta yi sai tambayar ta juya: "Nawa a ke sayen buhun wake? Nawa riɗi, nawa citta?" Rayuwar manomi tsakanin buhunan nan biyu ta ke. Ɗaya mu ke saye, ɗaya mu ke sayarwa, abin da ya rage a tsakani shi ne kuɗin makarantar yara da na asibiti da kwanon rufin ɗaki.

Idan farashi ya ɓaci mukan ɗora laifin a kan mai shago ko dillalin kasuwa. Wani lokaci da gaskiyarmu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa asalin tsamin yana can nesa, a ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. A wannan fitowa muna so mu bi sawun buhunan nan biyu, mu ga inda na farko ya fito da inda na biyu ya ke zuwa, domin wanda ya san hanyar ruwa shi ya san inda zai yi kunya.

Abin da ke rubuce a jikin buhu

Ku ɗauko buhun kamfa ku duba. Za ku ga haruffa uku, N da P da K, da lambobi uku, kamar 20:10:10 ko 15:15:15. Haruffan sunayen abincin shuka ne guda uku. Lambobin kuwa suna nuna kashi nawa cikin ɗari na kowanne ke cikin buhun. Watau a buhun 20:10:10 mai kilo 50 akwai kilo 10 na N, kilo 5 na P, kilo 5 na K. Sauran nauyin shi ne abin da ke riƙe da su, da garin farar ƙasa da a ke cika buhun da shi. Abubuwan nan uku ba wuri ɗaya su ke fitowa ba. Kowanne da ƙasarsa da hanyarsa.

N shi ne naitrojin, mai sa ganye ya yi kore shar. Abin mamaki, yana nan cike da iskar da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari, amma masara da dawa ba su iya ɗibansa daga iska. Wani masani Bajamushe, Fritz Haber, shi ya gano dabarar kama shi a 1909, sa'an nan Carl Bosch ya mai da dabarar ta zama masana'anta a 1913. Aikin yana cin iskar gas mai yawa ƙwarai, don haka duk inda gas ya yi tsada yuriya ma sai ta yi tsada. A nan Allah ya rufa mana asiri, gama muna da gas. Akwai masana'antar Indorama a Eleme kusa da Fatakwal, akwai kuma ta Dangote a Lekki ta Ikko, wadda aka buɗe a 2022 da ƙarfin yin ton miliyan 3 a shekara.

P shi ne fosfat, mai ƙarfafa saiwa da sa ƙwaya ta cika. Dutse ne a ke haƙowa a niƙa a sarrafa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfat da aka sani a duniya yana ƙasar Maroko. Daga ma'adinan Huribga a ke kai shi bakin teku, a sarrafa shi, a loda a jirgin ruwa zuwa tashoshinmu.

K shi ne fotash, mai taimakon shuka ta jure fari da cuta. Wani irin gishiri ne a ƙarƙashin ƙasa, wani wuri sai an yi rami mai zurfin kilomita guda kafin a same shi. Ƙasashe uku ne manyan masu shi: Kanada da Rasha da Belarus.

Ashe ke nan ɗan takin da yaro ya ke zubawa a gindin masara, gas ɗin ƙasarmu ne da dutsen Maroko da gishirin Rasha ko Kanada suka haɗu a tafin hannunsa. Ko buhun kansa daga man fetur a ke yin zarensa. Dattawa za su tuna buhun algarara na dā, wanda ramarsa daga Indiya da Bangaladash ta ke zuwa.

Yadda taki ya yi tsada

A watan Disamba 1916 ba mu da labarin takin zamani, amma shekara ɗari bayan haka, a Disamba 2016, gwamnatin Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko domin a riƙa kawo fosfat, a haɗa shi a masana'antun cikin gida da yuriyarmu da farar ƙasarmu. A 2017 aka sa wa buhun 20:10:10 farashin naira 5,500. Da yawanmu mun saya a kan haka ko kusa da haka. To, me ya faru daga baya?

Abubuwa huɗu ne suka biyo juna. Na farko, a 2021 gas ya yi tsada a Turai har wasu masana'antun taki suka rage aiki, wasu suka rufe na ɗan lokaci. Na biyu, a shekarar nan ƙasar Sin ta taƙaita fitar da takinta waje domin ta tanada wa manomanta. Na uku, ƙasashen Turai da Amurka suka sa wa Belarus takunkumi, har a farkon 2022 aka rufe mata hanyar da ta ke bi ta Lituweniya zuwa teku. Na huɗu, ranar 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta kai wa Yukiren yaƙi. Rasha da Belarus su biyu ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na fotash ɗin kasuwar duniya. Jiragen da Nijeriya ta ke jira daga Rasha suka makale, sai da aka juya Kanada a gaggauce. Tsakanin 2020 da watan Afrilu 2022 farashin yuriya a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau uku.

Wani zai ce, "Mun ji na fotash da fosfat. Amma yuriya ai a gida a ke yin ta, me ya haɗa ta da yaƙin Turai?" Amsar ita ce, mai masana'anta yana da masu saye biyu. Ga manomin Saminaka, ga kuma manomin Birazil, wanda ya ke biya da dala, jirgi guda a lokaci ɗaya. Idan na Birazil ya ƙara kuɗi, da wuya a sayar wa na Saminaka a tsohon farashi. Haka mu ma mu ke yi. Idan 'yan kasuwa sun zo daga nesa suna sayen masara da tsada, ba ma sayar wa maƙwabci a farashin bara.

Sai kuma maganar dala. Yawancin abin da ya hau jirgin ruwa da dalar Amurka a ke cinikinsa. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta wuce naira 1,500. Bari mu yi lissafi a misali. Kayan da ya ke dala 20, a farashin farko naira 9,200 ne, a na biyu kuwa naira 30,000. Kayan bai canja ba, mai sayarwa a waje bai ƙara ko kwabo ba, amma a wurinmu ya ninka sau uku. Ku ƙara da janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, wanda ya ɗaga kuɗin mota daga gari zuwa ƙauye. Duk waɗannan suna cikin kuɗin da mai shago ya faɗa muku.

Buhu mai fita

Kada mu ɗauka cewa mu masu karɓa ne kawai. Igiyar nan baki biyu gare ta, kuma ba yau aka ɗaura ta ba. Tun zamanin ayarin raƙuma fatar jar akuyar Sakkwato ta ke ƙetare hamada, Turawa suna saye a arewacin Afirka suna ce mata fatar Maroko, alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk baƙi ne, asalinsu daga ƙasashen Amurka, suka zo suka zama 'yan gida.

Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga su ke fata. Manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, gama masana'antun Turai suna neman manta domin yin sabulu da man shafa wa burodi. Daga nan dalar gyaɗa ta tashi a Kano, har a shekarun 1960 Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai ga farin 1973, sai ga kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975, hankalin gwamnati kuma ya koma kan kuɗin man fetur. Dalar ta rushe. Masu saye ba su zauna suna jiranmu ba, suka koma wasu ƙasashe da wasu irin mai. Wannan darasi ne babba: kasuwar duniya ba ta da zumunci, wanda ya kawo kaya mai kyau a kan lokaci shi ne ɗan'uwanta.

Yau ma buhunanmu suna tafiya nesa. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya, a matse mai ko a barbaɗa a kan burodi. Soɓorodon da a dā a ke shukawa a gefen gona, ƙasar Meziko ce babbar mai sayensa, gama su ma suna shan zoɓo kamar mu. Ƙaron dakwara na Yobe da Barno yana shiga lemon kwalba da alawa da ƙwayar magani. Sudan ce ke ba duniya mafi yawan ƙaro, wajen kashi biyu cikin uku, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilu 2023 hankalin manyan kamfanonin lemo ya tashi, idanu suka juyo kan Cadi da Nijeriya. Cittar Kachiya da Jaba da Kagarko kuwa an san ta a Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai saboda yajinta da yawan manta.

'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna ba su manta da daminar 2023 ba, sa'ad da cuta ta faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gonaki da yawa ba a ɗauki kome ba. Bayan haka citta ta yi tsada ƙwarai, amma ina amfanin tsada ga wanda ba shi da abin sayarwa? Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ya sa dukan gonarsa da dukan bashinsa a citta kaɗai, bai bar wa masara da dawa wuri ba.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari

Ga wani labari da ya nuna cewa abin da mu ke yi a rumbunmu yakan kai har ƙetaren teku. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, a 2016 kuma ta ƙara wa'adin hanin. Dalili shi ne, da aka auna waken sai aka yi ta samun maganin ƙwari a ciki fiye da kima, irin maganin nan da mu ke kira fiya-fiya. Wasu masu ajiya ne ke yayyafa shi a kan wake don kada ƙwari su huda. Ba kowa ke yi ba. Amma a tashar jirgi ba a tambayar sunan manomi, sunan ƙasa a ke rubutawa. Mai tsabta da marar tsabta duk aka rufe musu ƙofa. Soɓorodo ma ya taɓa gamuwa da irin wannan, sa'ad da Meziko ta dakatar da saye saboda ƙwaron ajiya da aka gani a cikin kaya.

Sai mu tambayi kanmu: waken da Bature ya ƙi saboda guba, wa ya ci shi? Mu ne da 'ya'yanmu. Maganar tsabtar amfanin gona ba don a faranta wa baƙo rai ba ce kawai, lafiyar gidanmu ce.

Me ƙungiya za ta iya yi?

Ba mu da ikon tsai da yaƙi a Turai, ba mu ne ke yanka farashin dala ba. Tsinke igiyar kuma ba zai yiwu ba, ba ma zai amfane mu ba, gama ta wannan igiya ce kuɗin riɗi da citta ke shigowa ƙauye. Abin da ke hannunmu shi ne mu riƙe namu bakin igiyar da kyau. Ga shawarwari guda shida.

Na ɗaya, a sayi taki tare, kuma da wuri. Wanda ya jira sai ruwa ya sauka, ya je shago shi kaɗai neman buhu biyu, duk abin da aka faɗa masa shi zai biya. Ƙungiyar da ta tara kuɗi tun kaka, ta aiki wakilai wurin babban dila ko masana'antar haɗa taki tun cikin rani, za ta samu ragi, kuɗin mota ya rabu a kan kowa, kuma da wuya a ba ta jabu. A ajiye buhunan a kan katako, a ɗaki marar yoyo.

Na biyu, kada a yi ɓarnar abin da ya zo daga nesa. Yuriyar da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa a rana, wani kashi nata iska ke komawa. A tona ɗan rami kamar tsawon yatsa nesa da gindin shuka, a zuba, a rufe, lokacin da ƙasa ke da laima. Masana aikin gona a Sadore ta Jamhuriyar Nijar sun gwada cewa cikin murfin kwalba ɗaya na kamfa, wajen giram 6, a kowane ramin gero lokacin shuka yana ƙara amfani sosai. Taki kaɗan a wurin da ya dace ya fi mai yawa a watse.

Na uku, mu tuna da takin da ba ya hawa jirgi. Kashin shanu da na awaki da na kaji, da toka, da ramin taki a bayan gida, babu ruwansu da dala. Wake da gyaɗa da waken soya suna kama naitrojin daga iska ta ƙulle-ƙullen saiwarsu, watau aikin da masana'anta ke yi da gas su suna yi kyauta. A riƙa juya su da masara da dawa. A bar gawo a gona, gama da damina ya ke zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Ba mu ce a bar takin zamani ba. Amma ƙasar da ta sha takin gida ta fi riƙe na zamani, ta fi kuma biyan kuɗinsa.

Na huɗu, abinci tukuna, sa'an nan na sayarwa. Kowane gida ya fara auna hatsin da zai kai shi wata kaka, kāna ya ware fili don citta ko riɗi ko soɓorodo. Na sayarwar ma kada ya zama iri ɗaya tak. Idan kasuwar ɗaya ta faɗi ko cuta ta kama shi, ɗayan ya tallafa.

Na biyar, a yi ajiya ba tare da guba ba. Akwai buhun PICS mai ciki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan wake ya bushe sarai, aka zuba, aka matse iska, aka ɗaure kowane ciki daban, ƙwari sukan mutu don rashin iska, ba a sa ko ɗigon magani ba. Durom mai murfi ko jarka mai rufuwa sosai ma suna yin wannan aiki. Riɗi da gyaɗa a shanya su a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba. Kada a ƙara yashi ko a yayyafa ruwa don nauyi. Ribar yini ɗaya ce, ɓacin suna na shekaru.

Na shida, a sayar tare, kuma da sani. Da kaka kowa yana neman kuɗi, kaya sun cika kasuwa, farashi yana ƙasa. A Nijar ƙungiyoyi da yawa suna da wani tsari: a zuba hatsi a ɗakin ajiya mai makulli biyu, ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi rance a kan hatsinsa ya biya bukatar kaka, idan farashi ya tashi a sayar a biya bashi. Amma a yi lissafi da kyau, gama ba kowace shekara farashi ke tashi ba, kuma idan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi daga waje yana iya faɗuwa. Don haka ya kamata kowace ƙungiya ta naɗa mutum biyu, namiji da mace, masu sauraron rediyo da buga waya kasuwar Dawanau ko Maigatari ko Kachiya, su riƙa kawo labarin farashi da na dala a kowane taro, magatakarda ya rubuta a littafi. Bayan shekara biyu ko uku littafin nan zai zama malaminku.

Mutumin da ke haƙar fosfat a Maroko bai san sunan ƙauyenmu ba, matar da ke dafa zoɓo a Meziko ba ta taɓa ganin gonarmu ba, amma muna ci daga guminsu, suna ci daga namu. Manomi guda a gaban wannan babbar kasuwa ba shi da murya. Manoma hamsin masu ɗakin ajiya ɗaya da littafi ɗaya da magana ɗaya, dole a saurare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Buhu nawa na taki 'yan ƙungiyarku suka saya bara gaba ɗaya, a wane wata, kuma nawa-nawa? Da an saya tare cikin rani, nawa za a rage?

2. A cikin abin da ku ke nomawa, wanne ne ke fita ƙasar waje? Hannu nawa ya ke bi kafin ya kai tashar jirgi?

3. Gida nawa ne a cikinku ke sa magani a wake ko masarar ajiya? Me zai hana ƙungiya ta sayo buhu mai ciki uku a sari ta raba?

Ku tattauna, ku aiko mana da abin da kuka yanke domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka.